Kiɗan da Muttaka Ya Nema

Shafi na 14

Da sunan Allah. Masu aiko min da "ina ci gaba", ga shi nan.

*

Carbi.

Safa.

Hular da yake zuwa Juma'a da ita.

Ragowar zamzam a 'yar roba.

Rediyon Alƙur'ani, ƙaramin nan mai izu sittin a ciki.

Takardar izinin fita ta 'yan sanda.

Su ke nan a jakar Bashira. Ta sake buɗewa ta duba, duk da ba abin da ya ƙaru ko ya ragu tun da motar hayar Grab ta ɗauko ta daga unguwarsu, Danau Kota.

A shingen 'yan sanda direban ya sauke gilashi. Dattijo ne ɗan ƙasar, takunkumi biyu a fuskarsa. Ɗan sandan ya karɓi takardar da yatsu biyu.

"Asibiti aka rubuta a nan," ya ce da Turanci. "Me ya kawo ki hanyar Sri Petaling?"

"Saƙo zan karɓa. Na mijina."

"Wane saƙo?"

Ita ma abin da take son sani ke nan.

Ya dube ta, ya dubi direban, ya miƙo takardar.

"Boleh," ya ce da yarensu. "Ku wuce."

Motar ta wuce. Titi fayau, kantuna a rufe, kamar an kwashe mutanen Kuala Lumpur an kai su ajiya.

Muttaka, mijinta, yana ɗakin masu tsananin ciwo. Korona ce ta kama su tare. Ita ta warke a gida, jiya aka yanke mata abin hannun nan mai ruwan hoda na masu killacewa. Shi huhunsa ya ƙi. Yau da safe nas ta kira ta ce an sa masa bututun numfashi, an kuma sa shi barci.

"Wani lokaci suna ji, ko da suna barcin," in ji nas ɗin. "Idan akwai abin da kike so a sa masa a kunne, ki kawo. Amma abu ɗaya. Za mu naɗe shi a leda, in danna sau ɗaya, ya yi ta maimaita kansa. Ba ni da hannun da zan dawo ina canzawa, mutanen sun yi mana yawa. Kuma abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fitowa."

Bashira ta ce ta san abin da za ta kawo.

"Akwai wata magana," nas ɗin ta ƙara. "Kafin ya yi barci ya riƙe min riga. Ya ce ki je wurin Barnaba ki karɓo masa abinsa. Ya yi ta nanatawa."

Abinsa.

Me Muttaka ya mallaka a duniya da ba ya cikin ɗakinta?

*

Maigadin ginin bai bar ta ta shiga ba, dokar kulle ta hana baƙi. Direban ya kashe mota ya ce zai jira.

"Ba fasinja dama. Ki yi abinki."

Barnaba ya sauko da gajeren wando da silifas. Ɗan Jos ne, Kirista, ɗakin gwaje-gwajensu ɗaya da Muttaka a jami'a. Tare suka zauna a gidan Danau Kota kafin a kawo Bashira, da za ta zo ya kwashe kayansa ya dawo nan. Gaisuwa ce kawai a tsakaninsu.

Ya tsaya nesa da ita, ƙarƙashin rumfar maigadi.

"Madam, sannu. Ya jikin mutumina?"

"Da sauƙi."

Ta faɗa ne don haka ake faɗa. Ya ci gaba da kallonta.

"An sa masa bututu," ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Ya ce in karɓo abinsa a wurinka."

"Ya faɗi haka? Da bakinsa?"

"Haka nas ta ce."

Bai tambayi wane abu ba. A aljihunsa ma yake, tun kafin ya sauko. Ya fito da shi, ya goge da sanitaiza, ya ajiye a kan bencin da ke tsakaninsu, ya ja da baya.

'Yar MP3 ce fara, ba ta fi akwatin ashana ba. Gefenta ya tsage, an ɗaure da salatif. An nannaɗe ta da wayar iyafis.

"Karatu ne a ciki?"

"A'a."

"Wa'azi?"

"Kiɗa ne."

Ta yi 'yar dariya a cikin takunkumi.

"Mijina Dakta ba ya jin kiɗa."

"To."

"Na ce ba ya jin kiɗa. A gidana ko talla ce ta zo da kiɗa a talabijin, rage murya yake."

"A gidanki. Haka ne."

Ba ta so yadda ya faɗi "a gidanki" ba.

Ta ɗauka, ta warware wayar, ta cusa iyafis ɗaya a ƙarƙashin hijabinta. Ta danna.

Shiru.

"Ta lalace."

"Ki jira. Haka yake farawa."

Can sai ga wani sauti daga nesa, kamar injin niƙa a unguwar da ba taku ba. Sai fiyano, ɗaya, a jima, ɗaya, kamar yaro mai koyo. Ta jira a shiga waƙa. Ba a shiga ba. Ta jira ganga. Babu. Sai wata siririyar murya ta taso daga ƙasa, ta yi sama, ta tsaya a can ba ta sauko ba.

"Mace ce?"

"Namiji ne. Na ga hotonsa."

"Wannan muryar?"

"Wallahi."

"Wane yare yake yi?"

"Ba yare ba ne."

"Kamar yaya ba yare ba?"

"'Yan Iceland ne. Wani tsibiri can ƙarshen arewa, inda ƙanƙara ta fi mutane yawa. Suna da yarensu, amma a wannan faifan bai yi da shi ba. Sauti kawai yake fitarwa."

"To me yake cewa?"

"Ba komai."

"Ya sunan waƙar?"

"Ba su sa mata suna ba."

"Malam Barnaba, mijina na kwance. Ba wasa na zo ba."

"Madam, ni ma ban ci abinci ba tun da aka tafi da shi. Abin da na sani nake faɗa miki."

Ta sake saurarawa. Ta nemi inda za ta kama, ta rasa. Ba amshi, ba baiti, ba wanda ake yabo, ba wanda ake zambo. Mutum ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, ya buɗe baki, bai ce komai ba, kuma aka sayar. Kuma mijinta, yana ganin bututu na nufo bakinsa, wannan ya tuna.

Bai ce a gaishe da Hajiya, mahaifiyarsa, ba. Bai ce mata ta yafe masa ba.

Wani abu ya fara kuka a ƙarƙashin muryar, dogo, mai kauri.

"Wannan kuma mene ne?"

"Jita ce. Sai dai ba da yatsa yake kaɗa ta ba. Goga ta yake da baka."

"Da baka?"

"Kamar dai goge."

Ta cire iyafis ɗin.

Wayarta ta yi ƙara. Kiran bidiyo daga Kano. Yaya Abdulgani, wan Muttaka, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ta gyara hijabi ta ɗauka.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Kin kai rediyon? Ki tsayar da shi a kan Yasin kafin ki ba su, kada ki bar wa nas ta zaɓa."

"Ban kai ba tukuna."

"Ina kike nan? Wannan ba asibiti ba ne."

Da kanta a daidai yake, da ta ce hanya ce. Amma kanta ba a daidai yake ba. Ta faɗa masa duka: saƙon nas, abu ɗaya da za a karɓa, 'yar farar na'urar.

"Kiɗa?" in ji Yaya. "Muttaka? Sa min in ji."

Ta kara iyafis ɗin a bakin wayar. Fuskar Yaya ta matso har gemunsa ya cika allon. Ta ga goshinsa yana tattarewa.

"Wannan waƙar coci ce."

"Ranka ya daɗe," Barnaba ya ɗaga murya daga inda yake, "da zan sa wannan a cocinmu, fasto da kansa zai raka ni bakin ƙofa."

"Waye ke magana?"

"Abokinsa ne, Yaya."

"Wannan Barnaban? Ban sa da kai ba, malam." Ya sake kasa kunne. Sai ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. "Tsaya. Goge nake ji."

"Wai jita ce, ake goga..."

"Bashira, a kusa da gidan masu bori na tashi, na san kukan goge. Murya ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Yare ba na mutane ba. Waƙa ba suna. Me ya rage? Ke da kike koyar da yara Islamiyya, sai na faɗa miki su wa ake kira da goge?"

"Turawa ne fa suka yi, Yaya."

"Turawa ba su da iskoki?"

Ba ta taɓa tunanin ko suna da su ba.

"Zafin ciwo ne ya sa shi sambatu," in ji Yaya. "Mutum a wannan hali yana iya neman komai. Baba sai da ya nemi a kawo masa kekensa da aka sayar tun muna yara."

"Amma ya san inda abin yake. Ya faɗi sunan mutumin."

Yaya ya shafa gemu. Da ya sake magana, faɗan ya fita daga muryarsa, kuma hakan ya fi mata ciwo.

"Ƙanwata, ki saurare ni. Ni na riƙe kan Baba ina laƙanta masa kalmar shahada har ya cika. Muttaka yana ƙasar da ba zan iya zuwa ba. Ba jirgi. Ko na zo ba za su bar ni in gan shi ba. Idan ta Allah ta kasance, ba ni zan wanke shi ba, ba ke ba. A leda za su saka shi. Abin da ya rage mana a jikinsa kunnensa ne kaɗai. Kada ki ba goge."

Hawaye ya gangaro ya shige takunkuminta.

"To, Yaya."

"Bari in shiga wurin Hajiya, tun asuba take tambaya. Zan sake kira. In same ki a asibiti."

Ya kashe.

Ta ajiye MP3 ɗin a kan bencin kamar mai zafi. Ta juyo kan Barnaba.

"Me ka yi wa mijina?"

"Ni?"

"Kai. Yaya aka yi abinsa ke aljihunka ba a gidansa ba?"

"Shi ya kawo. Ranar da za a je tarbo ki a filin jirgi. Ya ce ya yi miki alkawari ba kiɗa a gidanki."

"To yaushe yake ji?"

Barnaba ya dubi maigadi, wanda ke danna waya bai san me ake cewa ba.

"Asabar," ya ce.

"Asabar yana ɗakin gwaji."

"Ba a buɗe mana ranar Asabar, Madam."

Ta nemi bencin ta zauna a ɗaya ƙarshen. Duk Asabar ita take zuba masa abinci a kula. Takan ce Allah Ya ba da sa'a, Dakta. Yakan ce amin.

"Ya zo ya yi me?"

"Ya kwanta a ƙasa a falona. Ya sa wannan, ya rufe ido. In ya ƙare ya yi alwala, ya yi sallah, mu cinye abincinki, ya tafi."

"Ku cinye abincina."

"Dambunki ya fi daɗi. Miyar kuka kam gishiri na yawa."

"Kana ganin lokacin wasa ne?"

"Yi haƙuri."

"Mace ce? Akwai wata da take tuna masa?"

"Babu mace."

"Shaye-shaye?"

"Muttaka? Ko kofi ya sha sai hannunsa ya yi rawa."

"To mene ne? Mutum mai mata, mai sallah, ya tsallaka gari guda ya zo ya kwanta a ƙasa yana jin ƙaton da ke kuka ba yare? Ka fahimtar da ni. Wallahi ban gane ba. Ban gane komai ba."

Hadari ya haɗo ta wajen Bukit Jalil. Iska ta fara kaɗa ledojin da ke bakin rufaffen kedai, kantin unguwar.

Barnaba ya zauna a kan dakalin fulawa, ya haɗa hannuwansa.

"Ya sa na rantse da Littafi Mai Tsarki ba zan faɗa miki ba."

"Shi ya aiko ni wurinka."

"Na sani. Tun da kika faɗa nake tunanin ko sakina ya yi daga rantsuwar." Ya ja numfashi. "Kin san barandar gidanku?"

"Inda nake shanya."

"Nan."

"Me ya samu barandar?"

"Kafin ki zo ne, ana saura kaɗan bikinku. Farfesansa ya dawo masa da aikinsa gaba ɗaya, ya ce hanyar da ya bi ba ta ɓullewa, a koma farko. A gida kuwa an riga an fara kiransa Dakta. A katin bikin ma haka aka buga. Ya nuna min."

Ita ta ce a buga haka. Har gardama ta yi da mai buga katin a kan girman harafin.

"Ranar Lahadi na dawo daga coci da rana. Na ga silifas ɗinsa a jere a bakin baranda. Shi kuma yana zaune a kan ƙarfen. Ƙafafunsa a waje."

"A waje ina?"

"A waje, Madam."

Ta san tsayin wurin. In abin matse shanya ya suɓuce mata, ba ta jin faɗuwarsa.

"Ƙarya ne."

"To."

"Yana da imani. Ya san hukuncin wannan."

"Ya sani. Ya fi ni sani. Na fara masa magana, na ce Allah na nan, komai mai wucewa ne. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, Barnaba, Yaya ya ce in yi haƙuri, liman ya ce in yi haƙuri, farfesa ya ce in ƙara ƙoƙari. Kowa da abin da yake so in yi. In ka ƙara kalma ɗaya zan saki hannuna."

"Sai ka yi me?"

"Sai na rufe bakina. Ni da surutu. Na tsaya kamar gunki, in matsa ina tsoro, in fita neman taimako ina tsoro. Wannan abin na kan tebur. Wata Baturiya da muka yi aiki da ita ce ta bar min da za ta koma. Ban taɓa jin sa har ƙarshe ba, barci yake sa ni. Na jona shi a sifika don kawai kada shirun ya yi yawa. Ban zaɓa ba. Shi ne a kusa."

"Sai?"

"Sai ba komai. Yana zaune, ina tsaye. Mawaƙin nan yana ta kukansa. Na zauna a ƙasa. Wajen ƙarshe ganguna suka shigo kamar za su rushe ginin, na ce shi ke nan, na kashe shi. Sai abin ya ƙare. Ya ɗago ƙafa ɗaya ya shigo da ita. Ya shigo da ɗayar. Ya sa silifas ɗinsa."

"Me ya ce?"

"Ya ce, an kira la'asar?"

Ruwan ya fara sauka, manyan ɗigo, jefi-jefi.

Bashira ta dubi 'yar farar na'urar. Ta dubi jakarta. Ta yi ƙoƙarin haɗa mutumin da ke rage muryar talabijin da mutumin da ke zaune a kan ƙarfe, suka ƙi zama mutum ɗaya. A barandar nan suke shan shayi. A nan yake taya ta matse zannuwan gado. Bai taɓa jingina da ƙarfen ba, yanzu ta tuna. Ta ɗauka tsoron tsayi ne, har tsokanarsa take yi.

"Me ya ji a ciki?"

"Na tambaye shi daga baya, da na bar masa abin ya zama nasa. Ya ce mawaƙin nan kaɗai ne bai ce masa ya yi komai ba."

"Ni ma ai ban..." Ta tsaya. "Me ya sa Dakta bai..."

Ta ji sunan a bakinta. Dakta: kullum da shi take tuna masa abin da bai samu ba.

Barnaba bai taimake ta ba. Ya bar ta da shi.

"Tun da aka sa dokar kullen nan bai zo ba," ya ce can. "Na ce in aiko masa da shi, ya ce a'a, alkawari ne. Na ce ai akwai a waya, ka nema ka ji a banɗaki. Ya ce banɗakin ma gidanta ne."

Ta rufe fuska da tafin hannu.

"Madam, ina da kwamfuta a sama. In zuba karatun a ciki, su zama biyu. Ya ji wannan, ya ji wancan."

"A jera Alƙur'ani da goge a layi ɗaya? Wannan ya ƙare wancan ya ɗauka?"

"Shawara ce."

"A'a. Ko Yaya bai faɗa ba, wannan ba zan yi ba."

"To ki zaɓa."

"Kai ba ka san abin da kake cewa ba. Idan ransa ya fita wannan na kunnensa fa? Me zan ce? Ni ce zan tsaya gaban Allah, ba kai ba."

"Haka ne."

"To?"

"In kuma ya ji ya juyo fa?"

"Kai likita ne?"

"A'a."

"Malami ne?"

"A'a. Ni dai na ga ya juyo sau ɗaya."

"Kana ganin kiɗa ne ya dawo da shi? Allah ne ya dawo da shi."

"Ban musa ba. Ni ban san da me Allah ke aiki ba, Madam. Ran nan dai ba da bakina ya yi ba."

Wayar ta yi ƙara. Lambar asibiti.

"Matar Muttaka?" Muryar nas ɗin ce, tana haki a bayan takunkumi. "Iskar jininsa tana sauka. Za mu kifa shi rub da ciki. Idan akwai abin da za ki kawo, yanzu ne. Zan aiko a karɓa a bakin ƙofar gaggawa kafin in sake shiga, in na shiga ba zan fito da wuri ba."

"Zai tashi?"

"Ban sani ba. Kin samo abin da ya ce?"

"Na samo."

"To shi za ki kawo?"

Bashira ta dubi jakarta. Ta dubi abin da ke kan bencin.

"Ki yi sauri," in ji nas, ta kashe.

Ruwan ya tsinke gaba ɗaya. Direban ya tayar da mota ya matso bakin rumfar, ya danna hon a hankali.

Ta miƙe. Ta rataya jaka. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dawo ta ɗauki MP3 ɗin daga kan bencin, ba don ta yanke komai ba, don dai ruwa zai jiƙa shi.

"Akwai caji a ciki?"

"Kullum nake sa masa," in ji Barnaba. "Ko zai zo."

Wayar kuma. Kano.

Wannan karon fuska biyu ce a allon. Yaya, da Hajiya a gefensa, mahaifiyar Muttaka, da carbi a hannu, idanunta sun kumbura.

"Har yanzu kina wurin nan?" in ji Yaya. "Ga Hajiya, na faɗa mata komai. Ki faɗa da bakinki ta ji, hankalinta ya kwanta. Me za ki kai masa?"

"'Yata," Hajiya ta ce, "wai goge?"

"Hajiya, ba yadda kuke zato ba ne."

"To yaya ne?"

Yaya ne? Ta ce musu me? Ta ce ɗanku ya taɓa jera silifas a bakin baranda? Ta faɗa wa tsohuwar nan, yau, ta waya? Wannan sirri ne. Ba nata ba ne, na Muttaka ne. In ya tashi ya faɗa da kansa.

"Ba zan iya bayani ba."

"Ba za ki iya ba, ko babu?" in ji Yaya. "Me mutumin nan ya gaya miki? Bashira, amana muka ba ki. Idan kika kai abin nan ɗakin ƙanena, ki sani ni da ke..."

"Abdulgani," in ji Hajiya.

"A'a Hajiya, ta faɗa."

Ta ratsa ruwan da wayar a hannu. Direban ya miƙo hannu ya buɗe mata ƙofar baya. Ta shiga, hijabinta na ɗiga a kan kujera. Barnaba na tsaye a bakin rumfa, ruwa na dukan silifas ɗinsa, bai ɗaga mata hannu ba.

Rediyon na cikin jaka a kan cinyarta. Farar na'urar na cikin tafinta. Har yanzu ba ta gane waƙar ba. Ba ta jin za ta taɓa ganewa.

"Muna jin ki," in ji Yaya.

Ta ja ƙofar ta rufe.

"Yasin ni zan karanta masa, Yaya. Da bakina, a bakin ƙofar asibitin, har sai sun kore ni. Amma kunnensa, abin da ya nema zan kai masa."